Wanda ya maƙale a cikin gem: mutuwa ce matsalarsa ko abinci?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka sammana fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan wani reshe na anime, wato finafinan zane na ƙasar Japan, wanda matasa suka runguma hannu bibbiyu, manya kuma suke yi masa kallon katun ɗin yara. Reshen da muke nufi shi ne labarin 'yan wasan da suka shiga gem ɗin intanet, irin wanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya ɗaya kowa da jaruminsa, sai aka wayi gari ƙofar fita ta rufe. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne kuɗin goron da ake yi wa waɗannan finafinai. Masu yabo su ce duk suna da daɗi, masu kushe su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Abin da ke raba na ƙwarai da na jeka-na-yi-ka shi ne doka: wace doka marubucin ya kafa wa duniyarsa, kuma ya tsaya a kanta ne ko ya taka ta ranar da ta matse jaruminsa.

Tun a 2002 kamfanin Bee Train ya fitar da .hack//Sign mai kashi 26, inda wani ɗan wasa guda, Tsukasa, ya kasa fita daga gem ɗin da ake kira The World. Fim ne mai tafiyar hawainiya, hira ta fi faɗa yawa a cikinsa, shi ya sa masu son sara da suka ba su cika jure masa ba. Don shiga wata gasar rubutu ta wannan shekarar ce kuma Reki Kawahara ya rubuta Sword Art Online, labarin ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade, sai ya zuba shi a intanet. Ba a buga shi littafi ba sai 2009, kamfanin A-1 Pictures ya mai da shi anime mai kashi 25 a 2012. Ba abin mamaki ba ne tunanin ya taso a wannan tsakanin, domin lokacin ne irin waɗannan wasanni suka kafu: Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, Ragnarok Online da Final Fantasy XI a 2002. Mutum kan kwana a gaban kwamfuta yana farautar dodanni tare da mutanen da bai taɓa haɗa ido da su ba. Tambayar "in na kasa tashi fa?" ba ta yi nisa da bakinsa ba.

Bari mu fara da Sword Art Online tunda shi ne ya fi suna. Wanda bai kalla ba ya yi mana afuwa, za mu tona wasu asirai.

Ranar 6 ga Nuwamban 2022, a lissafin labarin, mutum 10,000 suka sa wata hular kwano mai suna NerveGear suka shiga. Hular tana tare saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓɓai a daidai ƙeya, ta karkatar da shi zuwa jikin da ke cikin gem, sannan ta cusa wa ƙwaƙwalwar gani da ji da ɗanɗano da ƙamshi na bogi. Jikin gaske yana nan kwance kamar gawa, ko yatsa ba ya motsawa, balle ya ɗaga hannu ya tuɓe hula. Wanda ya ƙirƙiri wasan, Akihiko Kayaba, ya goge maɓallin fita, ya tara su a dandali ya karanta musu sharuɗɗa. In jinin jaruminka ya ƙare, wato layin nan na gefen ido da ke nuna sauran ranka, hular za ta saki igiyar maikirowef ta dafa maka ƙwaƙwalwa. Haka nan in wani ya yi yunƙurin cire ta daga waje, ko wuta ta ɗauke na minti 10, ko intanet ya yanke na awa 2. Batirin ciki shi ne kashi 30 cikin 100 na nauyin hular, don haka zare filogi ba ya ceton kowa. Kafin a gama jawabin mutum 213 sun riga sun tafi, saboda 'yan uwansu sun fizge hular da nufin taimako. Hanyar fita ɗaya ce, a ci benaye 100 na wani gidan sama da ake kira Aincrad.

Iyaye su kwantar da hankalinsu, wannan hular babu ita, kuma ba ta kusa. Na'urar da ake manna wa mutum a fatar kai a asibiti don duba aikin ƙwaƙwalwa siginar da take kamawa ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ga ƙoƙon kai yana daɗa dusashe ta. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Na'urar da kamfanin Neuralink ya fara dasa wa mutum a Janairun 2024 tana da bakin waya 1,024 ne kacal, sai an yi tiyata ake sa ta, kuma abin da ta ba shi shi ne ya motsa kibiyar kwamfuta da tunani. Wannan karanta saƙo ke nan. Rubuta wa ƙwaƙwalwa cikakken gani da ɗanɗano ya fi haka wuya nesa ba kusa ba. Ɓangaren kisan ma akwai alamar tambaya a kansa. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana jan wuta kimanin wat 1,000 daga bango, da wani ƙarfe mai nauyi a cikinta. Palmer Luckey, wanda ya kafa Oculus, kamfanin ƙera tabarau na shiga duniyar kwamfuta, ya sanar a daidai ranar 6 ga Nuwamban 2022 cewa ya ƙera rabin NerveGear, wato rabin da ke kisa, amma da abin fashewa guda uku ya yi amfani, domin bai samu hanyar cusa maikirowef mai irin wannan ƙarfi a cikin hula ba sai an haɗa ta da manyan injina. Ya ce ado ne na ofis, bai sa ta a kansa ba.

Wa'adin awa 2 ɗin nan ba banza aka sa shi ba. Shi ne ya ba da damar kwashe mutanen zuwa asibitoci. A nan labarin ya yi gaskiya, domin wanda zai kwanta shekara biyu ba motsi sai an sa masa robar abinci da ta fitsari, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya ci masa ƙugu da diddige, a riƙa lanƙwasa masa gaɓɓai don kada su sandare. Duk da haka nama yana zubewa, ƙashi yana raguwa. Ranar da ya farka ba zai miƙe da gudu ba, sai ya yi watanni ana yi masa gashi yana koyon tafiya. Wannan shi ne agogon da ke bayan labarin. Ko ka ɓuya a garin farko inda dodo ba ya shiga, kamar yadda dubbai suka yi, jikinka yana can yana ƙarewa. Gaba kura, baya sayaki.

Inda dokar mutuwa ta fi yin aiki shi ne a yadda ake yaƙi. A gem na yau da kullum, in ƙungiya za ta tunkari bos, wato babban dodon da sai an kashe shi ake wucewa gaba, zuwa ake yi a mutu. A mutu sau goma, sau hamsin, kowane faɗuwa a koyi abu ɗaya: in ya ɗaga hannun dama sara zai yi, in jininsa ya kai rabi yaransa za su fito. Da mutuwa ake sayen ilimi. To a Aincrad an rufe wannan makarantar, sai labari ya zama haja mafi tsada. Shi ya sa akwai dillalan bayani masu sayar da taswira da halayen dodanni, shi ya sa kuma aka tsani 'yan gwaji 1,000 da suka buga wasan kafin a buɗe wa kowa. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Su suka san inda farauta mai tsoka take, wasunsu suka ruga suka bar sababbi a baya. A watan farko kaɗai kusan mutum 2,000 suka mutu, ba a ko ci bene na ɗaya ba.

Ga yadda ake cin bene. A kowane bene akwai hasumiya mai hawa 20 cike da lunguna. Sai an bi ta an zana taswirarta har a gano ƙofar bos. A tura 'yan leƙen asiri masu garkuwa su buɗe, su tsokane shi, su ga irin makaminsa da salon dukansa, su gudo. A zauna taro a raba aiki. Tawaga ɗaya mutum 6 ce, ana haɗa tawaga 8, iyakar runduna mutum 48 ke nan. Wasan babu tsafi a cikinsa, don haka babu mai warkarwa daga nesa. Maganin kwalba a hankali yake mayar da jini, dutsen warkarwa nan take yake yi amma da tsada. Saboda haka aka dogara da canji. Kowace fasahar takobi tana barin mai ita a sandare na ɗan lokaci bayan ya gama sara. Na gaba sai ya doke makamin bos da ƙarfi, su biyun su daskare, ya yi kiran canji, na bayansa ya faɗa cikin giɓin, shi kuma ya ja baya ya sha magani ya jira jini ya dawo. In mutum biyu suka ja baya lokaci guda layi ya ɓalle, in na baya ya makara da daƙiƙa ɗaya na gaba ya sha sara yana tsaye ba ya iya kare kansa. Ƙa'idar da ƙwararru suka bi ita ce matakinka, wato lambar da ke nuna ƙarfin jaruminka, ya zarce lambar benen da 10. Kana bene na 40, ka kasance a mataki na 50 ko sama.

Duk mutuwar da ta yi ma'ana a fim ɗin daga kuskuren bayani ta fito, kuma wannan ne muke yaba wa marubucin. Jagoran yaƙin bene na ɗaya ya mutu ne domin ya dogara da abin da ya sani lokacin gwaji, alhali an canza wa bos makaminsa na biyu, salon saransa ya canza. Wata ƙaramar ƙungiya ta ƙare a bene na 27 saboda jarumin labarin, Kirito, ya ɓoye musu cewa matakinsa ya ninka nasu. Suka ɗauka ƙarfinsu ne ke cin dodanni, suka haura inda bai kamace su ba, ɗayansu ya buɗe akwatin dukiya, ƙararrawa ta kaɗa, ƙofa ta rufe, ɗakin kuma irin wanda dutsen tserewa ba ya aiki a cikinsa ne. A bene na 75 'yan leƙen asiri 10 suka shiga ɗakin bos, ƙofa ta rufe a bayansu, da ta buɗe ba ko ɗaya. Dole aka shiga a makance, mutum 14 daga cikin gwanayen gwanaye suka faɗi.

Ko ta'asar da mutane ke yi wa juna an gina ta bisa doka. A cikin gari jini ba ya raguwa sai an amince da fito-na-fito. Sai miyagu suka gano dabara: su sami mutum yana barci, su kama yatsansa su danna masa amincewa, su kashe shi. Duk wanda ya daɗe a wasannin intanet zai gane wannan hali, domin babu katangar da masu gem za su gina wadda 'yan wasa ba za su nemo ɓarakarta ba.

To ina aibin? Yana ƙarshe. Bayan an shafe kashi 13 ana nuna mana cewa jini in ya ƙare shi ke nan, kuma ko maganin tayar da matacce da ake da shi daƙiƙa 10 kawai yake da ita bayan faɗuwa, sai ga Kirito a kashi na 14 jininsa ya ƙare amma ƙarfin zuciya ya riƙe shi har ya soke abokin gaba. Matar da yake so ita ma ta karya shanyewar jikin da na'ura ta ɗora mata, ta sha saran da ya kashe ta, ta kuma rayu. Mutum 3,853 sun mutu a ƙarƙashin wannan doka. Su ba su da ƙarfin zuciya ne? Ga kuma fasahar takobi biyu da aka ware wa mutum ɗaya tak cikin 10,000, abin da duk kamfanin da ya gwada shi a gem na gaske sai masu biyan kuɗi sun watse. Sannan shekara biyu da benaye 75 an matse su cikin kashi 14, ana tsallake watanni kamar ana tsallake kwata. Shi kansa marubucin ya koma ya fara sake rubuta labarin bene bayan bene da sunan Progressive daga 2012.

Log Horizon na Mamare Touno, wanda ya fara fitowa a intanet a 2010, tashar talabijin ta ilimi ta NHK a Japan ta fara nuna shi a Oktoban 2013, ya juya tambayar ne gaba ɗaya. Mutum 30,000 a Japan suka tsinci kansu a cikin wani gem mai suna Elder Tale ranar da aka saki ƙari na 12 na wasan, wato sabbin abubuwan da kamfani ke ɗorawa a kan tsohon gem. Babu hula, babu mugun da ya yi jawabi, babu benen da za a ci a fita. Kuma in ka mutu farkawa kake yi a babbar majami'ar gari, ka yi asarar ɗan makin gogewa, wanda da shi ake hawa mataki, da wasu kaya. Mai kallo zai ce to ina abin tsoro? A ganinmu nan ne marubucin ya nuna ya fi sanin gem, domin ya gane cewa taron mutanen da ba sa mutuwa, ba su da aiki, ba su da hukuma, ruɓewa suke yi.

Da abinci ya fara. In ka buɗe menu, wato allon zaɓi na wasan, ka zaɓi girki, kwano zai bayyana da kyan gani, amma komai ɗanɗanonsa ɗaya, kamar biskit ɗin da ya jiƙe ba gishiri. Kuɗin kwana da na wannan abincin kaɗan ne, farautar ɗan lokaci ta isa. Sai mutane suka zauna a gefen titin garinsu, Akiba, sun zuba tagumi, masu ƙarfi suka koma tare hanya suna kashe 'yan uwansu don kwasar kaya. Dogaran gari suna hukunta wanda ya zare makami a cikin gari, amma ba ruwansu da wanda ya tsare mutum a ɗaki ya sa shi bauta, domin ba a rubuta musu wannan a matsayin laifi ba. Wasan yana ba duk wanda bai kai mataki na 30 ba kwalbar ƙarin gogewa kullum. Manya kuma da ke mataki na 90 suna neman ta ido rufe, saboda an ɗaga iyaka zuwa 100, kuma dodon da ya gaza ka da fiye da mataki 5 ba ya ba ka maki. Sai wata ƙungiya ta tara yara sababbin shiga da sunan taimako, ta kulle su, tana ƙwace kwalabensu tana sayar wa manya. Zaman kashin dankali sosai, kuma babu dokar wasa ko ɗaya da aka karya.

Yadda jarumin, Shiroe, ya warware wannan shi ne abin da ya kamata a tsaya a duba, domin ba da takobi ya yi ba. Abokinsa mai sana'ar girki ya gano cewa in wanda yake da wannan sana'a, kuma matakinsa ya kai, ya ajiye menu ya yi girkin da hannunsa, abinci yana fitowa da ɗanɗanonsa na gaske. Wanda ba shi da sana'ar in ya gwada sai tukunyar ta koma wani baƙin kwaɓaɓɓen abu. Suka riƙe sirrin, suka buɗe rumfar sayar da abinci, layi ya miƙe. Nan take mutane suka samu dalilin neman kuɗi, farauta ta farfaɗo, kasuwa ta motsa. Manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa uku suka zuba kuɗi don su samu sirrin. Da aka haɗa zinariya miliyan 5, Shiroe ya sayi ginin ƙungiyoyi na garin, domin bayan abin da ya faru kowane fili da gini ya zama na sayarwa, mai shi kuma yana da ikon hana wanda ya ga dama shiga. Bankin gari yana cikin wannan ginin. Wanda aka hana shiga an rufe masa asusu ke nan. Mutumin da ba ya tsoron mutuwa yana tsoron talauci. Da wannan sandar aka kafa majalisar ƙungiyoyi 11, aka haramta garkuwa da mutane, aka sa haraji don biyan kuɗin riƙon ginin na wata-wata. Sirrin girkin kuma aka sake shi ga kowa, aka gano ya shafi duk sana'o'i, har maƙera suka haɗa injin tururi wanda babu shi a cikin menu.

Ba wai hanyar tasa tsarkakakkiya ba ce. Mutum ɗaya ya riƙe maƙogwaron gari, kuma fim ɗin bai ɓoye cewa da yawa sun tsane shi a kan haka ba.

Batun kuɗin nan ba ƙirƙira ba ce. A kowane gem irin wannan, duk dodon da aka kashe sabon kuɗi ne aka buga. In ƙofar shigar kuɗi ta fi ta fitarsa faɗi, farashi sai ya haukace, sabon shiga ya kasa sayen ko takalmi. Shi ya sa masu tsara wasa ke ƙirƙiro hanyoyin ƙona shi: kuɗin gyaran makami, harajin kasuwa, hayar gida, kuɗin sufuri. Kamfanin CCP na ƙasar Iceland, mai EVE Online, har masanin tattalin arziki ya ɗauka aiki a 2007 don ya sa ido a kan kasuwar wasan. Halin jama'a ma an gan shi a zahiri. Masu Ultima Online sun tsara daji mai rai, inda namun ciyawa da masu cin nama ke daidaita juna, 'yan wasa suka shigo suka karkashe duk abin da ke motsi, dole aka cire tsarin. A Satumban 2005 wata cuta da aka tsara ta tsaya a ɗakin bos guda a gem ɗin World of Warcraft ta fita zuwa birane ta jikin dabbobin da 'yan wasa ke kiwo. Wasu suka tsaya suna jinyar jama'a, wasu suka gudu daji, wasu suka riƙa yaɗa ta da gangan, har masana annoba suka yi rubutu a kai. Marubucin da ya san irin waɗannan ba zai ba ka taron mutum dubu talatin masu hali ɗaya ba.

A fagen yaƙi ma Log Horizon ya fi koyarwa. Akwai wani sashe da yara biyar suka shiga kogon horo suka yi ta shan kashi a hannun ƙananan dodanni, ba don rashin ƙarfi ba, sai don babu wanda ya san aikin ɗan uwansa. Kowane dodo yana riƙe da lissafin wanda ya fi ba shi haushi, shi yake bi. Duka yana ƙara haushi, warkar da wanda yake duka ma yana ƙarawa. Aikin mai garkuwa shi ne ya kasance a saman wannan lissafin koyaushe. Tsarin shi ne a janyo dodanni kaɗan zuwa inda aka shirya, mai garkuwa ya tsokane su ya tara su a kansa, masu duka su ba shi 'yan daƙiƙu kafin su fara, su haɗu a kan dodo ɗaya har ya faɗi, mai warkarwa ya tsaya a baya yana tattalin ƙarfin tsafinsa. In matsafi ya yi gaggawar sakin babbar wutarsa tun farko, dodo zai bar mai garkuwa ya nufo shi. Shi kuma ba sulke, sai ya ruga, gudun ya taso wasu dodannin, mai warkarwa ya zuba masa magani, haushi ya koma kan mai warkarwa, in ya faɗi kowa ya faɗi. Kowace fasaha kuma tana da lokacin hutu kafin a sake amfani da ita, don haka wanda ya ƙone babbar kariyarsa a kan ƙaramin duka ba shi da abin tare babba. Yaran ba su gyaru ba sai da suka zauna kowa ya lissafa fasahohinsa da tsawon hutun kowacce. A babban yaƙi na mutum 24, tawaga huɗu ke nan, wannan lissafin ne dai ake ninkawa.

Sannan marubucin bai bar rashin mutuwa ya zama kyauta ba. Daga baya aka gano duk faɗuwa tana ɗauke wani ɗan yanki na tunanin duniyar gaske. Wani shugaban mayaƙa ya nemi sunan kyanwarsa ya rasa. Mutanen ƙasar kuma, waɗanda a da 'yan tsana ne na kwamfuta masu maimaita jimla ɗaya, sun zama mutane masu iyali da sarauta da siyasa, kuma su in sun mutu ba sa dawowa. Har sakacin 'yan wasa yana da sakamako: akwai aikin rage yawan wasu dodanni da aka saba yi lokaci-lokaci, da kowa ya shagala da gyaran gari aka bar shi, dodannin suka naɗa sarki suka fito da runduna. Aibin Log Horizon shi ne jan ƙafa. Zango na biyu, wanda ya koma hannun kamfanin Studio Deen a 2014, ya rarraba hankali a kan mutane da yawa, na uku kuma bai zo ba sai 2021 da kashi 12 kawai.

Overlord na 2015 ana yawan jera shi da waɗannan, amma ɗan wasa ɗaya ne ya zauna har daƙiƙar da kamfani zai rufe gem ɗin gaba ɗaya, ya tsinci kansa a wata duniya da ƙarfin da babu mai ja da shi. Ba labarin kuɓuta ba ne, labarin mulki ne.

Roƙonmu ga masu sharhin finafinai a wannan jarida shi ne in irin wannan fim ya zo gabansu su tambaye shi abin da ke faruwa in an mutu, daga ina kuɗi ke fitowa, wa ke hukunta mai laifi, kuma jarumi yana ƙarƙashin dokar da ta hau kan kowa ko an yi masa tasa daban. Iyaye kuma su sani zane ba ya nufin na yara. Rabin ƙarshe na zangon farko na Sword Art Online da wasu zangunan da suka biyo baya suna da wuraren cin zarafin mata da ba su dace da ƙananan yara ba, Overlord kuma akwai kisan gilla a cikinsa. Log Horizon ya fi su sauƙi ta wannan fuskar, amma yaron da bai kai fahimtar haraji da yarjejeniya ba barci zai yi a tsakiyar taron majalisa. Mai son ya gwada da kansa ya kalli kashi 14 na farkon Sword Art Online, ya bi da kashi 10 na farkon Log Horizon, ya lura da abin da kowannensu ya yi da makon farko bayan rufewar ƙofa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu bibiyar anime da wasannin intanet